Yunwar Kakalaba da Darasin Rumbun Tsimi

'Yan uwa mazauna birane, fari shi kaɗai bai cika tayar da gari ba. Kafin zuwan Turawa, magidanci kan keɓe rumbun tsimi, zakkar hatsi kan isa ga mabuƙata, gayya kuma kan ceci gonar majinyaci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka raja'a ga gyaɗa, ga kuma harajin kuɗi. Damina ta gaza a 1913, rumbuna suka zama wayam, yunwar Kakalaba ta hallaka dubban mutane a 1914. Da yawa cikin waɗanda suka tsira, dangi da cin rani ne suka tallafe su. Yau ku ne rumbun tsimin ƙauye. A cika shi tun da kaka.