Inganta tushen wutar na'urar DAC

DAC na'ura ce da ke mayar da sautin da aka adana a matsayin lambobi, kamar na faifan CD ko na kwamfuta, zuwa siginar lantarki wadda amfilifaya da lasifika za su iya fitarwa. Inganta tushen wutarta na nufin sauya ƙaramar cajar da ta zo da ita, ko wutar da take sha daga kebul ɗin USB, da wani tushe mai tsaftatacciyar wuta. Al'ada ce da ta yaɗu tsakanin masu sha'awar ingancin sauti, musamman a Turai da Amurka da Japan, kuma har yau ana jayayya a kan amfaninta.

Dalilin yin sa

Siginar da DAC ke fitarwa daga wutar da take sha ake sassaƙa ta. Faifan CD na amfani da bit 16, wato matakai 65,536. A na'urar da ke fitar da volt 2, tazarar mataki guda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma na volt ba, a sautin bit 24 kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Don haka ɗan ƙazantar da ke cikin wuta na iya kutsawa cikin sautin a matsayin gurnani ko tsatsa. Tana iya taɓa agogon cikin na'urar ma, wanda ke tsara lokacin fitar kowane mataki.

Ire-iren tushen wuta

Tsohon salo shi ne mai taransifoma: a rage ƙarfin wutar gida, a mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya, a tace ta da manyan kafasita, sannan a daidaita ta. Yana da nauyi, yana zafi, yana ɓarnar wuta, kuma taransifomar kan yaɗa maganaɗisu mai jawo gurnanin 50 Hz, ko 60 Hz a Amurka, idan ta yi kusa da sashen sauti. Sabon salo, irin na cajar waya, yana kunnawa da kashewa sau dubun dubata a daƙiƙa guda. Ƙarami ne mai sauƙin kuɗi, amma maras inganci daga cikinsa kan zubo hayaniya mai yawa. Wasu kuma batir suke sa wa, domin ya raba na'urar da wutar gida gaba ɗaya.

Muhawara

Kamfanonin kansu ba su daidaita ba. Naim na ƙasar Ingila ya daɗe yana sayar da tushen wuta na daban, irin su XPS, a matsayin matakin ɗaga darajar na'urorinsa. Benchmark na Amurka kuwa sabon salon yake sa wa nasa, yana mai cewa idan an ƙera shi da kyau ya fi mai taransifoma shiru.

Abin da ke raba gardama shi ne cikin DAC ɗin kanta. Wutar waje ba ta isa ga sashen sauti kai-tsaye. Sai ta ratsa ƙananan na'urorin daidaita wuta. Na zamani irin LT3042 na danne ƙazanta ƙwarai, hayaniyar kansa kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na volt ba. A DAC mai irin wannan tsari, awo kan nuna bambanci kaɗan ko babu bayan an sauya caja, ko da sabuwar ta fi na'urar tsada. Mai saurare da ya san ya kashe kuɗi yakan ji abin da yake sa ran ji, shi ya sa ake dogaro da gwajin da ba a gaya masa wace caja aka jona ba.

Inda sauyin ya fi amfani shi ne ƙananan DAC masu shan volt 5 daga kwamfuta, waɗanda akan ji tsuwa a cikinsu idan an motsa linzami ko kwamfutar na aiki mai nauyi. Ko a nan, sau da yawa matsalar ta layin ƙasa ce da ya haɗa na'urori biyu ta hanya fiye da ɗaya, kuma amfani da kebul mai aika sauti ta haske na iya kawar da ita da kuɗi kaɗan.

Haɗari

Dole ƙarfin volt ya zama daidai da wanda aka rubuta a jikin na'urar. Yawan amfiya ne kawai ba laifi ya zarce. Bakin caja biyu na iya kama da juna alhali an juya musu ƙafa mai kyau da mara kyau, kuma wasu na'urorin wutar AC suke bukata, ba DC ba. Kuskure ɗaya a nan na iya ƙona na'urar nan take. Tushe mai taransifoma da aka ƙera don volt 120 na Amurka zai lalace a wutar volt 220 zuwa 240 irin ta Najeriya da Nijar, sai fa idan yana da makunnin sauya ƙarfi. Buɗe akwatin don sauya kayan ciki kan soke garanti, kuma manyan kafasita na riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare soket.