Iri da Ƙasa: Yadda Aka Bi Sawun Sankarar Hanji Zuwa Hanta

Ƙarin da ya tsiro a babban hanji, sau da yawa tiyata na raba mai shi da shi. Wanda ya fi kisa shi ne wanda ya yi ƙaura, galibi zuwa hanta. Dalilin zaɓen hantar kuwa, an fi shekara 130 ana muhawara a kansa.

A 1889, likitan tiyata na Landan, Stephen Paget, ya duba bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga cutar ba ta bazuwa barkatai. Sai ya kwatanta ƙwayar sankara da iri, wanda ba ya tsirowa sai a ƙasar da ta karɓe shi. A 1928, James Ewing na Amurka ya musanta, ya ce magudanar jini ce ke yanke hukunci. Sankarar hanji ta ƙarfafa hujjarsa, domin jinin da ya baro hanji a hanta yake fara yada zango.

Daga baya hankali ya koma kan irin kansa. A 1990, Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana cewa cutar tana ginuwa ne daki-daki, yayin da ƙwayoyin gado ke lalacewa ɗaya bayan ɗaya. A jerin da aka sani yau akwai APC, KRAS, SMAD4 da TP53. Sai dai jerin ya fi bayyana girman ƙari fiye da ƙaurarsa.

Wani ɓangare na amsar ya fito daga Basalona, a ɗakin binciken Eduard Batlle. Furotin TGF-beta yakan hana ƙwayoyin hanji hayayyafa fiye da kima. Ƙwayar da ta rasa SMAD4 ba ta jin wannan hani, amma ƙarin na ci gaba da fitar da furotin ɗin. A 2012 suka nuna yana sa lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye su raini baƙuwar ƙwayar. A 2018 kuma suka nuna, a jikin ɓeraye, yana tare sojojin garkuwar jiki daga isa wurin.

Ashe duka mutanen biyu da gaskiyarsu: jini ne ke kai irin hanta kamar yadda Ewing ya ce, amma tsirowarsa sai da shirin ƙasa. Abin da Paget bai hango ba shi ne irin da kansa yake gyara gonar, kuma wannan gyaran ne masu neman magani ke ƙoƙarin katsewa yanzu.