Boikot: Sunan Mutum Ne Muke Kira

Bara, ranar da muka yanke shawarar ƙaurace wa aji saboda kuɗin burs da suka makara, kowa a fili sai ihu yake: "Boikot! Boikot!" Ni ma na yi. Na ɗauka kalmar Faransanci ce. Ashe daga Ingilishi Faransawa suka aro ta, kuma sunan wani mutum ne.

Kyaftin Charles Boycott tsohon sojan Ingila ne. A yankin Mayo na ƙasar Ailan yake karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin wani mai ƙasa, Lord Erne. A 1880, bayan damina ta yi ta ɓaci, manoma suka roƙi a rage musu haya da kashi 25 cikin ɗari. Aka ce kashi 10 kawai. Da suka ƙi, Boycott ya nemi korar iyali 11 daga gonakinsu.

A watan Satumba na shekarar, jagoran gwagwarmayar manoman, Charles Parnell, ya ba da shawara: kada a taɓa kowa, a dai juya wa azzalumi baya. Haka aka yi. Ƴan ƙwadago suka bar gonar Boycott, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, wasiƙa ma ba mai kai masa. Sai da aka kawo mutum 50 daga arewa, sojoji da ƴan sanda wajen 1,000 suna gadinsu, kafin aka girbe masa amfanin gona. Kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin sau da yawa. Kafin shekara ta ƙare ya bar Ailan, jaridu kuwa suka maida sunansa kalma.

To ƴan uwa, ga abin da ya tsaya mini a rai. Manoman nan sun zaɓi abin da za su janye, har asarar ta faɗa kan wanda ya cuce su. Mu fa? Sati uku muka yi ba karatu, waɗanda muke fushi da su albashinsu bai tsaya ba, mu ne muka shiga jarrabawa da rabin darasi.

Ban ce a daina neman haƙƙi ba, wallahi. Amma in an sake taruwa, kafin mu ɗaga hannu, wani ya tashi ya tambaya: wannan karon, gonar wa za ta rasa masu girbi?