Ranar da Wikipedia ta rufe ƙofarta

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ɗan tarihi ne na kawo maka, kuma ya shafe ka muddin kana buɗe data don neman ilimi.

Ka taɓa danna bidiyo a YouTube ka tarar an cire shi saboda haƙƙin mallaka? Wannan aikin wata dokar Amurka ce ta 1998 mai suna DMCA. Mai fim ko waƙa zai kai ƙorafi, sai shafin ya sauke wancan abu ɗaya, shikenan.

Manyan kamfanonin fim da waƙa na Amurka suka ce wannan bai ishe su ba. Kuma gaskiya kukansu ba na banza ba ne, ai mun ga yadda satar fasaha ta wahalar da 'yan Kannywood. A watan Oktoba na 2011 ɗan majalisar wakilai Lamar Smith ya gabatar da ƙudurin SOPA, ga kuma ɗan uwansa PIPA a majalisar dattawa. Wannan karon shafin gaba ɗaya ake hari. Da umarnin kotu za a iya toshe adireshinsa, a sa Google ya daina nuno shi, kamfanonin talla da na biyan kuɗi su yanke hulɗa da shi. Ka ga ke nan, laifin mutum ɗaya da ya ɗora fim ɗin sata zai iya jawo wa shafin da miliyoyi ke amfana da shi.

Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka akwai wani matashi, Aaron Swartz, da ƙungiyarsa Demand Progress. Ranar 18 ga Janairu, 2012, Wikipedia ta Turanci ta rufe na awa 24, duk wanda ya shiga sai baƙin shafi da kira ya tuntuɓi ɗan majalisarsa. Reddit ya rufe na awa 12, Google ya lulluɓe tambarinsa da baƙi, sama da mutum miliyan 4 suka sa hannu a takardar kokensa. Kwana biyu kacal, ranar 20 ga wata, aka jingine ƙudurorin biyu.

Shi Aaron bai daɗe ba. Ya rasu a Janairun 2013 yana ɗan shekara 26, lokacin yana fuskantar shari'a kan sauke miliyoyin takardun bincike daga JSTOR.

Kar ka ce ina ruwanmu da dokar Amurka. Yawancin shafukan da muke shiga can suke. Ni kaina rabin gyaran da na iya, daga canza sikirin zuwa bin layin caji a jikin bod, a bidiyon da wasu suka ɗora kyauta na koya.

Sai dai kyauta daban, sata daban. Akwai lasisin Creative Commons da aka fara fitarwa a 2002, wanda Aaron ya taimaka wajen gina shi tun yana yaro. Da shi mai abu ke ba ka izinin amfani da aikinsa bisa sharaɗi, galibi ka ambaci sunansa. Rubutun Wikipedia a kansa yake. Idan za ka ɗauki hoto ko bidiyo don shafinka, shiga wajen tace sakamakon bincike a Google ko YouTube ka zaɓi Creative Commons, ka karanta sharaɗin, sannan ka rubuta sunan mai shi. Allah ya sa mu dace.