Rijksmuseum: Gidan Tarihin da Hanya Ta Ratsa Cikinsa

A tsakiyar ginin Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai wani dogon zaure, buɗe gaba da baya. Ta nan masu kekuna ke wucewa safe da yamma, wannan da jakar aiki, waccan da yaronta a kujerar gaba, suna kaɗa ƙararrawa. A benen da ke saman kansu kuwa, zane-zanen da ƙasar Holan ta fi taƙama da su ne a rataye. Wannan zaure ya sha tayar da ƙura, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a tarihin gidan.

Ba a Amsterdam aka yanke wa gidan cibiya ba. Ranar 19 ga Nuwamba 1798 gwamnati ta yanke shawarar kafa ma'ajiyar zane-zane ta ƙasa, irin wadda Faransa ta yi a Louvre. Aka buɗe ta a 1800 a wata fada a birnin Hague, da kaya wajen 200. Da Napoleon ya naɗa ƙaninsa Louis sarkin Holan, sai shi kuma ya sa aka kwaso kayan zuwa Amsterdam a 1808, aka ajiye su a fadarsa da ke dandalin Dam. A 1817 suka sake ƙaura zuwa Trippenhuis, tsohon gidan wasu attajirai masu cinikin makamai. Nan suka yi zaman aro na shekara 68, kaya na ƙaruwa, wuri na matsewa.

A 1876 aka danƙa wa Pierre Cuypers aikin gina musu gida na kansu. Hukumar birni ta gindaya sharaɗi: dole hanya ta bi ta tsakiyar ginin, domin ya zama ƙofar shiga sababbin unguwannin da ake shirin yi ta kudu. Cuypers ɗan Katolika ne da ya yi suna wajen gina coci-coci, kuma hannunsa bai ɓuya ba. Jan bulo, hasumiyoyi, tagogi masu gilashi kala-kala: 'yan Furotesta suka ce wannan ai gidan ibada aka gina musu da kuɗin ƙasa. Sarki Willem na Uku ma bai halarci buɗewar ba ranar 13 ga Yuli 1885.

Cuypers ya tsara benen ne yadda doguwar farfajiyar zane-zane za ta kai mutum gaban aiki guda, wato De Nachtwacht, Sintirin Dare, wanda Rembrandt ya gama a 1642. Faɗinsa ya haura mita huɗu. Ga kyaftin cikin baƙaƙen kaya da jan ƙyalle rataye a kafaɗa, ya miƙo hannu kamar zai fito daga cikin allon. Ga mataimakinsa sanye da kaya ruwan ɗorawa. Can cikin cunkoson mayaƙa wata yarinya ce haske ya sauka a kanta, da matacciyar kaza a ɗaure a ƙugunta. Ba dare Rembrandt ya zana ba. Man da aka shafa wa zanen ne ya yi duhu da tsufa, sunan ya bi shi. Ya kuma ga tasku: a 1715 aka datse gefunansa don ya shiga wani bango, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka naɗe shi kamar tabarma aka ɓoye a kogo kusa da Maastricht, an yanke shi da wuƙa a 1975, an watsa masa ruwan asid a 1990.

A ƙarshen 2003 aka rufe babban ginin domin gyara, da niyyar gamawa a 2008. Masu tsara aikin, Cruz da Ortiz daga Sifen, sun so su kafa babbar mashigar gidan a tsakiyar zauren nan. Ƙungiyar masu kekuna ta ce ba ta san zance ba, hanyar jama'a ce tun kakanni. Aka yi ta ja-in-ja har aka sake tsarin aikin, aka bar wa kekuna hanyarsu. Wannan rigima, da wasu matsaloli na kwangila da na gini, suka ja gyaran har kusan shekara goma, ya lashe Yuro miliyan 375. Wasu sun ga ɓata lokaci ne. Ni ina ganin masu kekunan sun yi daidai, domin da wannan sharaɗi aka gina gidan tun farko, kuma mutanen gari sun riƙe alkawarin da aka yi musu.

Sarauniya Beatrix ta sake buɗe gidan ranar 13 ga Afrilu 2013. Cikin kaya kimanin miliyan ɗaya da yake ajiye da su, 8,000 aka baje a ɗakuna 80, an jera su bisa zamani, zane kusa da takobi, takobi kusa da tangaran. Sintirin Dare kaɗai aka mayar inda yake a da. A 2021 gidan ya yi baje koli kan bauta, ya fito da hannun Holan a cinikin bayi, cinikin da ya kwashi 'yan Afirka ta Yamma ta gaɓar Elmina. Ya daɗe bai yi hakan ba, amma ya yi.

Mai karatu, in Allah Ya kai ka Amsterdam, ta gefen wannan zaure za ka shiga, sai ka kula da kekuna. Ana buɗewa kullum daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma.