Tsakanin Littafi da Tuta: Tushen Sarautun Arewacin Zamfara a Zamanin Jihadi

Tsakure

Maƙalar ta auna ra'ayin cewa addini kaɗai ne tushen sarautun Zurmi da Ƙauran Namoda. Ta gwada rubuce-rubucen shugabannin jihadi da abin da ya faru a yankin daga 1804 zuwa 1810, ta nuna cewa manufa ta Musulunci ce, amma jama'ar da ta ɗauke ta zumunci da kiwo da tsaro ne suka tara ta.

Gabatarwa

Masana tarihin Amurka sun daɗe suna ja-in-ja kan ko a kan Kiristanci aka kafa ƙasarsu. Masu musu suna kafa hujja da yarjejeniyar Tarabulus ta 1797, wadda ta ce ba a kan wannan addini aka gina gwamnatinsu ba. Daular Usmaniyya ta Sakkwato, tsarar Amurka a shekaru, ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Bayan Wujubil Hijra na Shehu Usmanu (1806) da Diya'ul Hukkam na Abdullahin Gwandu sun fayyace cewa Shari'a ce madogara. Abin bincike a nan shi ne yadda littafi ya kasance da ya sauka ƙasa.

Zamfara kafin tuta

Tun wajen 1760 Babari, Sarkin Gobir, ya ci Birnin Zamfara, kusa da Isa, maƙwabciyar Shinkafi ta yau, ya kafa Alƙalawa, ta zama babban birninsa. Saboda haka da Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, mutane masu jin zafin Gobir ya tarar. Wannan zafi ne ya sa sarakunan Zamfara suka buɗe wa jama'ar Shehu ƙofa a 1805, har ta sauka Sabon Gari. Amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Yunwa ta sa mayaƙa suka faɗa wa rumbunan masu masaukinsu, kafin shekara ta ƙare Zamfarawa da yawa sun koma bayan Yunfa, Sarkin Gobir na lokacin. Da aƙida ce kaɗai ta ɗaure ƙawancen, da gero bai kwance shi ba.

Alibawa da sarautunsu

Waɗanda suka tsaya su ne Fulanin Alibawa na ƙasar Zurmi. A 1806 Namoda ya jagorance su suka karya rundunar Gobir da Abzinawa a Fafara, nasarar da ta share hanyar faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ba a musun imaninsu. Sai dai rundunar dangi ce, mai dabbobi da makiyayar da take karewa, kuma mulki cikin gidajen dangin ya zauna.

Sunayen sarautun sun fi kowane tarihin baka faɗin gaskiya. Abu Hamidu na Zurmi bai tsaya a laƙabin amiri ba, Sarkin Zamfara aka kira shi, wato sarautar waɗanda aka ture. Gidan Namoda, wanda ya rasu a yaƙin Kiyawa wajen 1810, har yau Sarkin Kiyawa ake ce wa mai riƙe da shi a Ƙaura. Kitabul Farƙ na Shehu ya soki irin waɗannan laƙabai, ya soki jangali da gaisuwa, amma duk sun dawo. Shi kansa Abdullahi ganin son mulki da dukiya a sansani ne ya sa ya bar jama'a a 1807 da niyyar tafiya Makka, Kano ta tsayar da shi.

A ganina, Murray Last (1967) ya fi karkata ga abin da Sakkwato ta rubuta, yayin da kundin Garba Nadama (1977) ya duba lamarin daga cikin Zamfara. Mai son fahimtar Zurmi da Ƙaura sai ya haɗa su biyun, ya ƙara da jerin sarakuna da tarihin dangogin da ke hannun fadodin yankin.