Daga Wayar Tarho Zuwa Manhaja: Tarihin Yadda Matasa Ke Kai Kukansu Ga Na'ura

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda matasa suka fara amfani da na'urorin sadarwa wajen neman sauƙin damuwa da ciwon zuciya, musamman a Ingila da Amurka, inda al'amarin ya samo asali.

Mafari

A shekarar 1953 wani limamin coci mai suna Chad Varah ya kafa ƙungiyar Samaritans a birnin Landan, watau layin wayar tarho na masu tunanin kashe kansu. Abin da ya tunzura shi kuwa shi ne jana'izar wata yarinya da ya jagoranta a 1935, wadda ta kashe kanta domin ta ga jinin al'ada ta zaci mugun ciwo ne, ba ta kuwa sami wanda za ta tambaya ba. A 1986 aka buɗe Childline saboda yara kaɗai. A duka biyun mutum ne ke saurare, wayar ta sakaya fuskar mai kuka ne kawai.

Shigowar Kwamfuta

A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya ƙirƙiro ELIZA, manhajar da ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar juya maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya. Ba ta fahimtar komai, amma duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita ya bar su su biyu. Wannan ya tsorata shi ƙwarai, har ya wallafa littafi a 1976 yana gargaɗin kada a ba na'ura aikin da ke buƙatar tausayi.

Zamanin Wayar Hannu

A 2013 aka kafa Crisis Text Line a Amurka, bayan an lura cewa matasa sun fi sakin jiki da rubutaccen saƙo bisa ga magana. A 2017 Woebot ta fito, wadda ke koya wa mai amfani da ita gane munanan tunani da sauya su. Kullen annobar korona na 2020 ya ƙara tura matasa ga irin waɗannan hanyoyi.

Sai dai batun amana ya taso. A 2022 aka fallasa cewa Crisis Text Line tana ba wani kamfanin kasuwanci bayanan hirarrakin, ko da yake an cire sunaye. Suka ya sa ta daina. Ita kuwa manhajar Woebot, an rufe ta a 2025.

Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa abin da ke jan matasa ga na'ura shi ne kunya da tsoron tsangwama, wato dalilin da ya halaka yarinyar 1935. Tambayar da ta rage ga masu nazari ita ce: wa ke riƙe da sirrin da matashi ya ba na'ura, kuma wa za a tuhuma idan ya fita?